Hutun Kifi a Lagdo: Wata Uku da Masuncin da Ba Shi da Gona

Ran 1 ga Yuli ake rufe tafkin Lagdo, a arewacin Kamaru. Ba shi da ƙofa balle kwaɗo, amma daga wannan rana har 30 ga Satumba doka ta hana jefa birgi, ta hana shimfiɗa kalli, ta hana kafa gura. Dokar ta ma'aikatar kiwo da kamun kifi ce, MINEPIA, hukumomin yankin Arewa kuma su ke shelanta ta duk shekara. A takardunsu na Faransanci hutun hayayyafa suke kiran abin. A bakin ruwa ba mai wannan dogon zance, sai dai ka ji an ce "an rufe ruwa".

Na yi damina guda a garin, a gidan kawuna, ƙanen mahaifiyata, lokacin da na gama karatu a Garwa ina zaman jiran aiki. Zana ɗaya ta raba gidansa da na wani matashin masunci. Su biyun da kifi suke ci, dukansu Hausawa, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Rufe ruwan ya zo wa Kawu kamar hutu, shi kuwa maƙwabcin ya fito daga wata ukun nan da bashi biyu a wuyansa. Na daɗe ina juya lamarin a raina, kuma duk ta inda na ɓullo masa, a gona nake ƙarewa. Sai dai ba a gane zancen gonar sai an san yadda garin ya zama gari.

Garin da bango ya haifa

Kafin 1977 Lagdo ƙauye ne da ba kowa ya san sunansa ba, a gindin duwatsu, inda Binuwai ke matsewa ya ratsa tsakanin tsaunuka, kimanin kilomita 50 daga Garwa. Matsin nan shi ya ja hankalin injiniyoyi, don inda kogi ya ƙuntata nan ya fi sauƙin datsewa. Gwamnatin Ahmadu Ahijo, shi ma haifaffen Garwa, ta kawo Sinawa. An fara aiki a Agustan 1977, aka gama a Yulin 1982, 'yan watanni kafin Ahijo ya miƙa wa Paul Biya mulki. Tsawon bangon mita 308, tsayinsa mita 40, da injuna huɗu masu ba da megawat 72. Garwa da Marwa da Ngaundere duk sun daɗe suna kunna fitila da wannan ruwa. A bayan bangon kuwa ruwa ya kwanta ya cinye daji da fadama da kufai, faɗin murabba'in kilomita 586.

Wuta aka nufa, sai noman rani, wanda aka yi wa lissafin hekta 15,000 a ƙasan madatsar. Kifi gyara ne aka samu a kan ciniki. Duk sabon tafki haka yake: itatuwa da ciyawar da ruwa ya binne su ruɓe, ruwan ya yi maiƙo, kifi ya yi ta haihuwa ba mai tsangwamarsa. In tsofaffin Lagdo suna ba da labarin shekarun farko sai ka rantse ƙarin gishiri suke yi, wai giwan ruwa sai ƙarti biyu sun kama kafin a fid da shi daga kwalekwale, karfasa kuwa a bar ta a tudu don an rasa itacen banda.

Arzikin nan ya faɗo daidai lokacin da masuntan arewa ke cikin ukuba. Farin 1973 da na 1984 sun janye Tafkin Cadi, har garuruwan da ke bakinsa suka wayi gari ruwa ya yi musu nisa. A 1979 an gina madatsar Maga saboda shinkafar SEMRY, kamfanin noman shinkafa na gwamnati, ita kuma ta tare ambaliyar kogin Logon da ke shayar da fadamun da Musgum da Kotoko suka gada suna su a ciki. Sai mutane suka naɗe komarsu suka yo kudu: Musgum, Kotoko, Masa, Larabawan Shuwa, Barebari. Daga Najeriya Hausawa suka zo, cikinsu har da Kabawa, waɗanda su sana'ar kaka da kakanni ce a wurinsu, ga Jukunawa da suka biyo Binuwai. Har daga Mali an zo. Aka kafa tungaye a tsibirai da bakin gaɓa, ɗaya daga tsibiran ma Madagaskar aka laƙaba masa. Jiporde, dab da garin, ta zama matsayar jirage da kasuwar kifi.

A tudu ma ana ta zuwa, amma ta wata hanya dabam. Tun cikin shekarun 1970 gwamnati, da kuɗin Turai, ta buɗe shirin raya arewa maso gabashin Binuwai, wanda aka fi sani da NEB. Aka riƙa kwaso manoma daga duwatsun Mandara da filayen arewa mai nisa, inda ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, Mafa da Tupuri da Giziga da Mundang, ana sauke su a nan. An sare musu hanya, an haƙa rijiyoyi, an nuna wa kowane ƙauye dajin da zai share. SODECOTON, kamfanin auduga da aka kafa a 1974, ta bi su da irin auduga da taki bashi. Manomi kawo shi aka yi, kuma wanda ya kawo shi ya san dole ya ba shi ƙasa. Masunci shi ya kawo kansa. Aka dube shi aka ga ai yana da ruwa, me zai yi da tudu?

Ƙidayar 2005 ta samu mutum fiye da 140,000 a ƙaramar hukumar Lagdo, sama da 20,000 a cikin garin kansa. In ka bi salsala, mafi yawansu ko su ko iyayensu daga wani wuri suka zo. Abin mamaki, a garin da kusan kowa baƙo ne, kalmar baƙo tana da nauyi fiye da yadda take da shi a Garwa.

Mutum biyu, zana ɗaya

Kawu yana saurayi ya baro unguwar Hausawa ta Garwa ya zo nan, ruwan bai daɗe da cika ba. Ya yi yaron jirgi, ya mallaki kwalekwale, daga baya ƙirji ya hana shi kwanan ruwa, ya hau tudu ya kama fataucin banda. Abubuwa uku ya zo da su waɗanda a lokacin bai san darajarsu ba: katin ɗan ƙasa a aljihu, Fulatanci a baki, da sanin yadda ake gaida manya a ƙasar lamido. Ya ɗauki goro ya je wurin jauro, wato mai gari, tun daji na neman mai sara, aka auna masa wuri. Yau masara yake yi a ciki, da gyaɗa, da 'yar auduga, duk kaka kuma yana kai zakkarsa ba fashi.

Maƙwabcin a tunga aka haife shi, a tsibiri. Ubansa Bakabe ne da ya zo cikin shekarun 1980, ya mutu bai bar masa komai ba sai iya ruwa. Bai taɓa ganin Argungu ba. A Lagdo ɗan Najeriya ake ce masa, ran da ya kai kaya Jimeta kuma can suka kira shi ɗan Kamaru. Ba shi da takardar haihuwa, don a tsibiri ba ofishin da ake rubuta jariri, kuma in wa'adi ya wuce sai an bi ta kotu, da kuɗin mota da kuɗin hatimi da shaidu. Wanda ba shi da takardar haihuwa ba ya samun katin ɗan ƙasa, wanda ba shi da kati ba ya rajistar zaɓe. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kwalekwalen da yake tuƙawa da kallin da yake shimfiɗawa duk na ubangida ne. Tsarin sananne ne a kowane ruwa: mai kuɗi ya saya maka kaya, kai kuma duk abin da ka kamo shi kaɗai za ka sayar wa, a farashin da bai kai na kasuwa ba, ana zare bashin kaɗan-kaɗan. A baki abin ba laifi. A aikace kalli ba ya jiran bashi ya ƙare kafin ya mutu. Kututturan dajin da ruwa ya binne suna nan a ƙasa suna yagar koma, dorina ta bi ta kai ta tafi da rabi, rana ta cinye sauran. Kafin ka biya na farko ka karɓi na biyu. Kada mai karatu ya ɗauka Kawu waliyyi ne a labarin nan: shi ma ubangidan wasu masunta ne, da wannan tsarin ya gina gidan da nake kwana a ciki.

Matar maƙwabcin banda take yi. Ita ke karɓar abin da ubangida ya raina, ƙananan tarwaɗa da ƙurungu, ta lanƙwasa su ta jera a kan waya bisa murhun ƙasa, ta kwana tana juyi cikin hayaƙi. Ribar nan ita ce cefanen gidan. Saboda haka ranar da aka rufe ruwa, hannu biyu aka ɗaure a gida ɗaya.

Dokar ba ta yi ƙarya ba

Ba na cikin masu zagin hutun kifi, kuma masuntan da suka san ruwa ba sa zaginsa in ba yunwa ce ke magana ba. Tafkin yana kai ƙarshen janyewarsa ne a ƙarshen rani. Da damina ta kankama, Binuwai da Mayo Rai suka kawo ruwa, sai ya fara hawa ciyawar gaɓa, kifi kuma ya biyo shi don ya yi ƙwai. Namijin karfasa gurbi yake haƙawa a yashi inda ruwa bai kai gwiwa ba, macen ta kwashe ƙwan ta riƙe a bakinta har su ƙyanƙyashe. Wanda ya kama ta a watan Agusta ba kifi ɗaya ya kama ba. Bargi kuwa sheƙa yake yi da ciyawa kamar tsuntsu, ya tsaya gadi. A ja taru sau ɗaya a irin wannan wuri, an share gurbi da sheƙa da 'ya'ya gaba ɗaya.

Kuma kowa ya ga abin da ya faru da ruwan. Jirage sun yi yawa, idon koma yana ta ƙanƙancewa, har aka kai ga wasu na jan gidan sauro. Laka tana ta cika gindin tafkin, saboda an sare dajin da ke riƙe ƙasa an mai da shi gonaki da itacen banda. Giwan ruwan da ake labari ya zama sai an yi sa'a. Masuncin da ya kwana a ruwa ya dawo da abin da ubansa zai ji kunyar saukewa a Jiporde ba ya bukatar jami'i ya gaya masa kifi ya ragu.

Kuma an zaɓi lokacin da dabara. Yuli zuwa Satumba su ne tsakiyar aikin gona. Wanda ya zauna ya tsara dokar, abin da ya hango shi ne masunci ya jingine filafili ya ɗauki fartanya, in ya gama noma na biyu ya fara cin ɗanyar masara, sai ruwa ya buɗe. Ga Kawu da yaransa da suka samu gona haka abin yake tafiya, tsaf. Ga wanda ba shi da inda zai sa fartanya fa?

Akwai ƙasa ɗaya da baƙo ke samu ba wuya, ita ce wadda ruwa ke bari in ya janye da rani. Masunta na shuka masara da kuɓewa a danshinta, suna rigima da makiyayan da su ma ita suke hari. Amma wannan ƙasa, daidai lokacin da aka rufe ruwa, tana ƙarƙashin ruwan. Gonar tudu kuwa yanzu ba ta samuwa da goro. A doka, tun dokokin ƙasa na 1974, duk filin da ba shi da takardar mallaka gwamnati ke riƙe da shi a madadin al'umma. A zahiri wurin jauro ake zuwa, shi ya kai wa lawan, lawan ya kai wa lamido, matakan nan uku da dokar sarautu ta 1977 ta amince da su. Gaɓar tafkin ma ba a hannu ɗaya take ba: wani ɓangare Lagdo, wani Bibemi, wani ƙasar Rai Buba, kowanne da nasa al'adar karɓar baƙo. Dajin da za a ba da ya ƙare, abin da ya saura haya ce, ita kuma kuɗi hannu ake biya kafin shuka, a watan da kifi ya fi ƙaranci. Filayen ban-ruwa na wajen Gunugu, da ke hannun MEADEN, hukumar raya yankin Arewa, ba su taɓa kusantar hekta 15,000 ɗin da aka yi alkawari ba, kuma samun fili a ciki sai da suna a takarda.

Daren Agusta

Yuli ya wuce da ɗan abin da suka tara. Matar ta sayar da bandar da ta ɓoye, ta sayar da akuya. Shi kuma ya yi ƙwadago a gonakin mutane, har da ta Kawu, amma masu neman ƙwadago a watannin nan sun fi gonakin yawa, kowane masunci ya hau tudu, lada ta faɗi. Ya je wurin ubangidansa neman buhun masara bashi, aka ba shi rabi aka rubuta.

Cikin Agusta ƙaramar 'yarsu ta kwanta da zazzaɓin damina. Ta zana muke jin kukanta. Dare na uku na ji motsin filafili ana jan sa a ƙasa, Kawu ma ya ji, don na ga ya ɗaga kai daga buzunsa, ya sake sunkuyawa bai ce uffan ba. Kifi na ganinka, mai jar koma: a garin masunta ba a ɓoye fita ruwa, kowa ya san wa ya fita, kowa kuma ya san wa ke saye da asuba ta bayan gida. Kifin hutu tsada gare shi, saboda Garwa ba ta daina cin miya don an rufe Lagdo ba. Wannan tsadar ita ke kiran mutane cikin ruwa, kuma ribarta mafi tsoka ba a hannun mai kwalekwale take ƙarewa ba.

Ya fita sau huɗu lafiya. A na biyar masu sintiri suka tare shi. Ba su zalunce shi ba, aikinsu suka yi: suka ƙwace kallin, suka riƙe jirgin, aka ce sai ya biya tara. Kallin ya tafi cikin tarin da aka cinna wa wuta a bainar jama'a don ya zama izina. Ni ma ina wurin, hayaƙin roba ya turnuƙe bakin ruwa. Abin da na riƙa tunani a tsaye shi ne, cikin duk waɗanda komarsu ke ci, zai yi wuya a samu wanda ya gama biyan kuɗinta.

Da magariba ya zo ya durƙusa a ƙofar zauren Kawu.

"Baba, na jawo abin kunya."

"Tashi zauna, ɗana. Yarinyar fa?"

"Da sauƙi, Baba. An yi mata allura."

"To, kuɗin allurar ne ka biya da tsada. Gobe in Allah ya kai mu ka sa riga mai kyau, za mu zaga."

Zagayen

Zagayen nan shi ya koya mini yadda ake mulkin Lagdo, fiye da duk abin da na karanta a lakkal, wato makarantar boko. Na bi su ne a matsayin mai Faransanci, ko da za a miƙo takarda.

Muka fara da shugaban masuntan Hausawa, dattijon da ba ya cikin kowace doka amma ba abin da ke wucewa a bakin ruwa bai sani ba. Shi ya san wanda za a gani game da jirgin, shi ya aika aka kira ubangidan, aka zauna. Ubangidan ya ce shi bai aiki kowa ruwa ba. Dattijon bai musa masa ba, sai dai ya tambaye shi, cikin murmushi, ko kifin dare huɗun nan aljanu ne suka saye. A nan aka raba tarar biyu, ubangida rabi, yaro rabi, rabin yaron kuma aka ɗora kan tsohon bashi. Jirgi ya fito bayan kwanaki, aka kife shi a tudu.

Sai maganar gona. Kawu yana da wani gefe da bai shuka ba, ya ce zai ba shi aro ya zuba wake, tunda wake ne kaɗai zai iya kamawa a wannan lokaci. Na ɗauka magana ta ƙare tunda mai gona ya yarda. Ashe ba a haka. Kawu ya ce shi kansa riƙo aka ba shi, in ya sa wani a ciki jauro bai sani ba, gobe ana iya cewa ya sayar da abin da ba nasa ba, ko yaron ya ce ya gada. Muka sayi goro muka tafi. Aka tuɓe takalma daga nesa, aka yi doguwar gaisuwa da Fulatanci, Kawu na "Barkama" yana ƙarawa. Jauro ya saurara, ya tambayi ɗan wane ne, aka faɗa masa, ya ce ya san uban. Ya yarda da sharaɗi biyu: damina ɗaya, kuma ba dasa itace. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san dalilin na biyun, don wanda ya dasa mangwaro ya kafa hujja. A hanyar dawowa Kawu ya ce da ni, "Ka ji ko? Baƙo raɓa ne. An haife shi a nan, an binne ubansa a nan, amma har yau ana jiran hantsi ya yi ya bushe."

Meri, wato ofishin ƙaramar hukuma, ba mu je ba, kuma rashin zuwan ya fi zuwan ba ni labari. Meri ke karɓar kuɗin rumfa da na sauke kaya a kasuwa, kifi kuma yana cikin manyan abubuwan da ke ciyar da asusunta. Amma kansilolin da ke zama su raba kuɗin, masu ƙuri'a ne suka zaɓe su, masu ƙuri'a kuwa a tudu suka fi yawa. Mutanen tsibirai suna biya ba sa zaɓe, wasu don baƙi ne na gaskiya, wasu don takarda ce kawai babu. Dokar ƙananan hukumomi ta 2019 ta ƙara wa meri iko a kan abubuwa da dama, sai dai kifin na ma'aikata ne, tsayin ruwan na kamfanin wuta, ƙasar ta sarakuna, tsaro na sufurefe, wakilin gwamnati a gunduma, da jandarma. Kowa ya riƙe gefensa da kyau. Cikin masuncin a watan Agusta ne ba a ba kowa ba.

Zancen tsayin ruwa ma, mutanen waje ta nan kaɗai suka san Lagdo. A 2012, da kuma 2022, da aka buɗe ƙofofin madatsar, sunan garin ya cika gidajen rediyon Najeriya, ana ta maganar ambaliya da madatsar Dasin Hausa da ba a gina ba a jihar Adamawa. A 2021 kuma ruwan ne ya yi ƙasa, arewacin Kamaru ya sha duhu. Ko an buɗe ko an rufe, lissafin na injuna ne da lafiyar bango, masunci sai dai ya ga ruwa ya hau ko ya sauka ya gyara turken jirginsa. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don shirin VIVA-Bénoué na gyara da faɗaɗa noman rani a ƙasan madatsar. In da za a tambaye ni, zan ce a ware wa mutanen ruwa kaso a cikin sababbin filayen, a kuma kai masu rubuta haihuwa tsibirai da jirgi, ko da sau ɗaya a shekara. Kuɗin man da ake ƙonawa a sintiri zai ragu da kansa. Ƙungiyoyin masunta suna nan, irin waɗanda dokar 1992 ta ba damar kafawa, wasu ma na yin adashi don watannin hutu, amma da ruwan ciki ake jan na rijiya: wanda ubangida ke zare wa bashi kullum, me zai zuba?

1 ga Oktoba

Tun kafin asuba bakin ruwa ya cika. An kwana ana toshe jirage da ƙaro da tsumma, ana ɗaura duwatsu da toto a sababbin komaye. Hutun ya yi aikinsa, wannan ba mai musu: kwanakin farko jirage suka riƙa dawowa a nutse, karfasa manya-manya, har da giwan ruwa jefi-jefi. Motocin ƙanƙara suka yi layi, masu kai ɗanye Garwa da Ngaundere, daga can jirgin ƙasa ya wuce da shi Yawunde. Matan banda suka hura wuta, hayaƙi ya koma inda ya saba.

Sai dai kowa a rana ɗaya ya sauke kaya, farashi ya zube. Mai ƙanƙara da mai rumbun banda su ke iya jira, mai kwalekwale dole ya sayar kafin rana ta take. Kawu ya sayi kaya a makon nan fiye da yadda ya saya a wata biyu na bazara, ya jibge a ɗaki yana jiran sanyi ya shigo.

Maƙwabcin ya fita da sabon kalli, daga hannun ubangidan nan dai, an rubuta shi ƙarƙashin tsohon da ya ƙone da rabin tara da rabin buhun masara. Wakensa ya yi, ba laifi. A Nuwamba matarsa da 'yar da ta warke suka roro shi, ya cika buhu ɗaya da 'yan kwanoni. Ya auna zakkar jauro ya kai da kansa, ya kawo wa Kawu kwano biyu, Kawu ya karɓi ɗaya ya mai da ɗaya. Da zai tashi ya ɗan yi jim, ya ce, "Baba, baɗi fa?" Kawu ya ce babban ɗansa zai yi aure bayan salla, kuma gefen nan shi aka yi wa alkawari.